Farin Farantin Ya Fanna

Duk wanda ya taɓa sayen tabarma ko faifai a hannun yayata ta waya ya san farantin nan. Fari ne na tangaran, bakinsa ya ɗan ɓantare a gefe guda, kuma babu hoton kayanta da zai fita daga gidanmu sai da shi zaune a kusurwa. Mata sun yi mata dariya a kansa har sun gaji. Ni da nake ƙanwarta na sha cacar baki da mutane saboda shi, domin ita ba ta tankawa, ni kuwa Allah bai yi ni da haɗiye magana ba.

Sunanta Fanna, mu muna ce mata Ya Fanna, yadda ake kiran babba a gidanmu. Kakanmu daga bakin Tafkin Cadi ya taso, ya biyo ruwa yana su har ya yada zango a Haɗejiya, ya ga wuri ya yi masa ya zauna. Maza suka riƙe koma da fatsa, mata suka riƙe kaba. Daga ƙauyukan fadama ake kawo mana ganyen goribar ɗauri-ɗauri, a tsaga shi, a shanya, a dafa a tukunyar rini, sannan a zauna saƙa. Mahaifiyarmu ta koya mana mu duka, amma mutum ɗaya ce ta ɗauke abin gaba ɗaya. Ni dai na iya saƙa daidai gwargwado, rini kuwa ko yau aka ba ni tukunya sai na ɓata kaba.

Ya Fanna ido gare ta. Abin da ni da ke za mu kalla mu ce ja ne, ita sai ta ce wane jan, na tattasai ko na karan dafi ko na galura da bai ji wuta ba. Tana iya tsamo kaba daga tukunya ta ɗaga ta a rana, ta juya, ta mayar ba ta ce uffan ba, kowa ya ƙosa, ita ko a jikinta. Tafin hannunta bai taɓa zama kalar da Allah ya halicce shi da ita ba tun ina yarinya. Da wannan hannun ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta Mala Adam, ta ciyar da 'ya'ya, ta aurar da su, ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa da ƙoƙon bara ba. Idan ina faɗin wannan har yanzu kaina ƙara girma yake yi.

Akwai abu guda da ya kamata a sani game da ita kafin in ci gaba. Tana da kunya irin ta mutanen da. 'Yarta ta fari, Ummussalma, tun da aka raɗa mata suna ban taɓa jin sunan ya fito daga bakin uwar ba. "Yarinyar nan" take cewa, ko "waccan". Ko ciwo yarinyar ta yi, sai dai ta turo ni in duba ta, ita ta koma bakin tukunya tana ta iza wutar da ba ta bukatar izawa. Da aka aurar da Ummussalma ga Nu'uman, wani manomin shinkafa a wani ƙauye can bayan Kirikasamma, Ya Fanna ta sayi farantan tangaran farare iri ɗaya, ta zuba mata a kayan ɗaki, ta rage guda ɗaya a gida. Da na tambaye ta dalili sai ta ce wai bakinsa ya ɓantare, ba a kai wa amarya ɓantararre. Ni na san ba shi ne dalilin ba, amma na bar ta.

To, ana nan sai wata ƙungiya ta zo ta raba wa mata masu sana'ar hannu babbar wayar nan mai faɗi da ake ce wa tabulet, wai mu riƙa ɗaukar hoton kayanmu muna tallatawa har Kano da Abuja. Murna ba a magana. Sai dai ba a je ko'ina ba guruf ɗinmu na mata a waya ya koma zauren ƙorafi. Wannan ta ce tata da rana ta take sai ta ɗau zafi ta mutu. Waccan ta ce wani koren layi ya ratsa tsakiyar gilashin tata ya ƙi tafiya. Wata ta ce sai ta ɗora tata a kan randa ta huce kafin ta yarda ta kunnu. Amma abin da ya haɗa kowa shi ne launi. Duk abin da ka kalla a ciki sai ya fito da ruwan ɗorawa-ɗorawa, kamar an jiƙa gilashin a ruwan kurkur. Farar shadda ta zama ruwan madara, shuɗi ya karkata zuwa kore. Waɗanda suka kai wa Rilwanu mai gyaran waya a kasuwa ya canza musu gilashi, shi ma ya yi iya ƙoƙarinsa, amma sabon gilashin sai ya koma kwarara shuɗi, kowa a ciki ya zama kamar mai jin sanyi. Aka rasa na zaɓa.

Ya Fanna ba ta shiga ƙorafin ba, sai da abin ya taɓa ta. Wata mata a Kano za ta aurar da 'ya, ta turo hoton labulen ɗakin amarya ta ce a rina mata faya-fayai da tabarmi su dace da shi. Ya Fanna ta duba hoton a tabulet ɗinta ta ga kore mai haske, ta yi aiki irin wanda take yi, aka ɗora a mota. Ashe labulen shuɗi ne mai ruwan sararin sama. Matar ta dawo da kayan, ta kuma biyo su da saƙon murya, a cikin guruf ɗin masu saye, inda kowa zai ji, tana cewa a daina ba tsofaffin da idonsu ya mutu aikin launi.

Na so in rama, har na danna wurin ɗaukar murya, Ya Fanna ta karɓe abin daga hannuna. Ranar ba ta ci abincin kirki ba. Ba dawo da kayan ne ya dame ta ba, maganar idon ce. Mace ta yi rayuwarta duka da ido, a ce mata ya mutu. Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ji haushin da na rasa inda zan sauke shi, sai na sauke a kan kajin gidan.

Washegari da hantsi na tarar da ita a tsakar gida, ta ɗauki hoton ɓantararren farantin nan, ta ajiye tabulet a gefe, farantin a gefe, tana duban wannan tana duban wancan. Ta daɗe a haka. Can ta ce min in zo in gani: na hannunta fari tas, na cikin gilashi kamar an shafa masa man shanu. Ta ce to yanzu ta san iyakar ƙaryar abin. In dai ƙaryarsa iri ɗaya ce kullum, ai za a iya zama da shi, kamar maƙwabcin da ka san kullum sai ya ƙara gishiri a labari.

Daga ranar ta kafa doka. Duk mai son a rina mata abu ya dace da wani abu, sai ta ajiye farin faranti kusa da shi, a fili, da rana, ta ɗauki hoton su tare. Ya Fanna sai ta dubi yadda farantin ya karkata, ta cire wannan karkatar a cikin kanta, ta san ainihin launin. Ita ma duk hoton da za ta tura, da farantinta a ciki, don mai saye ta gwada da na gidanta. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka laƙaba mata Hajja Mai Faranti, wata ma ta tambaya ko farantin kyauta ake haɗawa da shi. Amma kaya ba su sake dawowa ba, kuma a hankali sai ga hotunan sauran mata a guruf, kowanne da ɗan farin faranti a gefe, ba wadda ta ce ga inda ta samo dabarar. Ni ce nake tuna musu, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Sai shekarar da ruwa ya yi yawa. Ummussalma na ɗauke da cikin fari, kuma a al'ada gida za ta zo ta haihu, ta yi wankanta a gaban uwarta. Mun gyara ɗaki, mun tara itace. Kafin lokacin da aka sa za a kawo ta, kogi ya tumbatsa, ya shanye gonaki, ya yanke hanyar ƙauyensu. Mazan gari suna ta cika buhuna da ƙasa suna tare jinga, ba mai maganar komai sai ruwa. Daga can ba a fitowa sai a kwalekwale, a ratsa ta cikin kacala, ciyawar nan mai tsawo da ta cinye hanyoyin ruwa. Uwar mijinta, Iya Kulu, ta ce ba za ta sa mai tsohon ciki a kwalekwale ba, kuma gaskiyarta ne, domin a daminar nan ta ga wanda ya kife da mutane a idonta. Can Ummussalma ta haihu, mace, lafiya lau. Muka yi hamdala, Ya Fanna ta yi kamar ba ta ji ba, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Ana saura kwanaki kaɗan suna, Nu'uman ya samu sabis ya turo hoton jaririya. Mata sun cika tsakar gidanmu ana barka, tabulet na yawo hannu zuwa hannu, ana cewa hancin na wane, goshin na wance. Da ta iso hannun Ya Fanna sai na ga ta tsaya. Ta buɗa hoton da yatsu biyu har fuskar ta cika gilashin. Ta ce, a hankali, idon yarinyar nan bai yi mata ba.

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce ai a cikin wannan abin ko nono aka ɗauka sai ya zama kunun gyaɗa. Ni ma na ce mata, Ya Fanna, ke da kika fi kowa sanin halinsa. Ta ce saboda ta san halinsa ne take magana.

Ni kaɗai a wurin na san abin da take tunawa. Kafin a haife ni mahaifiyarmu ta haifi wani namiji da bai kai suna ba. Ciwon shawara ne ya kama shi, ba a gane ba, saboda yana cikin ɗaki mai duhu, ana cewa hasken jarirai ne. Ya Fanna tana yarinya a lokacin, ita ce mai riƙe shi idan za a yi wa Inna wanka. Sau ɗaya ta taɓa ba ni labarin, ba ta ƙara ba.

Matsalar a fili take. In gilashin ne kawai yake ƙaryarsa, ta sa an ɗauko mai ɗanyen jego da jaririyar da ko suna ba ta da shi an ratsa ambaliya da su a banza, kuma in wani abu ya faru a ruwa, ita ce sila har abada, ga surukai da ba za su taɓa mantawa ba. In kuwa idonta ne ya yi gaskiya aka yi shiru, to ta riga ta san ƙarshen wannan labarin.

Ta ce in kira mata Nu'uman, kiran da ake ganin juna. Na dube ta, domin tsakaninta da surukin nan gaisuwa ce kawai, ita ma daga bayan labule. Sabis na zuwa yana ɗaukewa, sai da Nu'uman ya fita ya hau kan wani tudu ya dawo, sannan kiran ya kama. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya saurara, cikin ladabi ya ce mata jaririya lafiyarta ƙalau, barci ne dai da yawa, ko nono sai an tashe ta, kuma kowa ya san tabulet ɗin nan da rina mutane. Da ya ambaci barcin na ga hannunta ya matse gefen zaninta.

Iya Kulu ta karɓi wayar. Dattijuwa ce mai kirki, amma ranta ya ɗan sosu, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce ta haifi nata, ta karɓi na wasu, ba yau ta fara ganin jariri ba. Ba a fita da jariri kafin suna, balle a kan wannan ruwan. Ta ce in Hajja ba ta yarda da riƙonsu ba ne, ta faɗa kawai.

A bayanta muna hango Ummussalma zaune a bakin gado cikin duhun ɗaki, ta sunkuyar da kai, ba ta da bakin magana tsakanin uwa da uwar miji. Sai na ji Ya Fanna ta ɗaga murya kaɗan ta ce:

"Ummussalma. Tashi ki ɗauko farantin nan fari da na sa miki a kaya."

Matan da ke wurin duk sun san ba ta taɓa faɗin sunan ba. Ita kanta Ummussalma ɗago kai ta yi tana waige, kamar tana neman wanda ya kira ta, sannan ta miƙe ta nufi kabad.

Ya Fanna ta juya ga Iya Kulu, ta sassauta murya.

"Iya, na yarda da riƙonku, shi ya sa na ba ku ita. Kada ki yarda da abin hannuna, maƙaryaci ne, ni ma ban yarda da shi ba. Kada ma ki yarda da ni. Ki fito da ita bakin ƙofa inda rana take, ki kara farantin kusa da fuskarta, ki danna goshinta da yatsa ki ɗaga, ki buɗe idon ki duba da naki idon. In kin ga ba komai, wallahi na yi shiru, kuma zan ba ki haƙuri a gaban kowa."

Iya Kulu ta miƙa wa ɗanta wayar. Sannan ta ɗauki jaririyar ta fito bakin ƙofa, Nu'uman na riƙe da waya. A nan Ya Fanna ta ɗauko nata ɓantararren ta kara a jikin gilashi. Muka taru a kanta muna kallo. Farantin can ya fito da ɗan ruwan man shanun nan da muka saba gani. Amma farin idon jaririyar ya wuce shi nesa, rawaya sosai, kuma inda yatsa ya danna ya ɗaga, wurin ya fito kamar ƙwaiduwa. Ko ni da ba ni da ido na gani.

Ba mu muka yi magana ba. Muryar Iya Kulu muka ji tana salati ƙasa-ƙasa, sannan ta ce da ɗanta ya je ya nemo mai kwalekwale, babba, ba na yaran nan ba. Ya fara cewa ko a bari zuwa gobe, ta ce masa yanzu. Ita da kanta ta naɗe jaririyar a ƙirjinta ta shiga ruwan da ta ce ba za ta sa surukarta a cikinsa ba. Duk inda ake maganar wannan rana ina faɗin wannan ma, domin ba ƙaramar mace ce ke yin haka ba.

Jiran da muka yi ba na so in sake irinsa. Sabis ya ɗauke tun da suka shiga kacala. Ya Fanna ta hura wuta ta ɗora tukunyar rini, ta zuba kaba, ta manta da ita har ta dafe ta yi baƙi, abin da ban taɓa gani ba tun da nake. Da la'asar sakaliya waya ta shigo, sun fito tudu sun samu mota. Muka riga su isa asibiti.

Ma'aikatan suka duba, suka ɗebi jini, suka ce shawara ce kuma ta hau sosai, da an ƙara jinkiri da tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ko ta yi abin da ya fi haka. Aka rufe wa jaririya ido aka kwantar da ita a ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske. Tana can kwance aka raɗa mata suna a masallacin unguwarmu, Halimatus Sa'adiya, babu taro babu kiɗa. Ya Fanna da Iya Kulu suka shimfiɗa tabarma ɗaya a barandar asibiti, suna cin goro ɗaya, ba su cika magana ba.

Har yau tabulet ɗin tana nan, tana rina duniya da ruwan ɗorawa, tana mutuwa in rana ta take. 'Ya'yanta maza sun yi sun yi su sauya mata da wata mai kyau, ta ƙi, ta ce wannan ta san ta, sabuwa kuwa sai ta sake koyon ƙaryarta daga farko. Ni ina alfahari da yayata, kuma ba na ɓoyewa. Duk wadda ta ƙara ce mata Hajja Mai Faranti da sigar tsokana, ni da ita ne.

Ranar da aka sallamo su, gidanmu aka kawo su, tun da hanya ba ta buɗe ba. Suna shigowa Ya Fanna ta karɓi jikarta, karo na farko da ta riƙe ta a hannu ba ta gilashi ba. Ba ta shiga ɗaki da ita ba, tsakiyar tsakar gida ta tsaya inda rana ta fi haske. Sai Iya Kulu ta kwance ƙullin kayanta ta fito da farin farantin nan. Ashe tun ranar da shi ta ƙetaro ruwa. Ta kara shi kusa da fuskar yarinyar, Ya Fanna ta sa rinannen yatsanta ta buɗe ɗan idon a hankali. Suka sunkuya su biyu suna dubawa, sun daɗe. Fari ne tas, shi da farantin ba bambanci.

Ya Fanna ta ce alhamdu lillahi. Na ga ruwa ya taru a idonta, ta yi maza ta kawar da kai ta miƙa jaririyar.

"Ke yarinyar nan, karɓi 'yarki ki ba ta nono."

Ummussalma ta karɓa tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi. Tun daga ranar kiran wayar nan ban sake jin sunan a bakin uwarta ba, ita ma ba ta taɓa neman a maimaita mata ba.